Gayyar da Ta Bi Jaki

Ɗahiru, ƙanen marigayi mijina, ya tafi haƙar zinari Bagega yana cewa ranar da zai dawo sai an faɗaɗa hanyar Nasarawa Burkullu saboda motarsa. Ya dawo a bayan babur ɗin wani, ba zinari ba labarinsa, sai waya mai faɗin tafin hannu da wata baƙar lasifika da ta yi girman ƙaramin turmi. Ko ƙurar ƙafarsa bai wanke ba ya zauna bakin murhuna inda nake tuyar ƙosai, ya ce zamanin makaɗa ya ƙare.

"Matar yaya, kin ga wagga wayar? Makaɗan ƙasag ga dut suna cikinta. Akwai wata manhaja, ita ka tsare min su. Na bi Gummi, na bi Anka, na bi masu tura waƙa na kasuwar Bukkuyum, ban bar ko kurya guda ba."

Ya miƙo mini ita har bakin hanci. Ni rubutu bai cika gaishe ni ba, amma na ga wasu 'yan akwatuna a jere.

"Rumbuna na," in ji shi. "Wanga na kiɗan noma, wanga na dambe, wanga na 'yan tauri, wanga na mahauta, wanga na amare. Kowane da ƙohwatai. Ni nir raba su da hannuna, ko injiniya ba shi yin hakanga."

Na ce, "Zinarin hwa?"

"Zinari ƙasa na, matar yaya. Ilimi niɗ ɗebo."

"To a cikin rumbunan ga naka akwai wanda aka iya daka abin cikinai a yi tuwo?"

Ya ce ni matsalata ke nan, komai sai na kai shi tukunya. Ya ɗauki ƙosai biyu bai tambaya ba.

A lokacin kaina yana kan gonata. Gero ya fito ya yi kyau, amma ciyawa ta taso masa kamar ta zo karɓar gado. Gonar nan ta bakin gari ita kaɗai ta rage mini, don ta nesa yanzu ba mai zuwa. 'Ya'yana duk mata ne, kowace tana ɗakinta. In ba a nome ta ba kafin ruwa ya kankama, to bana sai in ɗauki ƙwarya in bi gidajen dangi, ni Habsu da ko gishiri ban taɓa roƙo ba. Na kira gayya. Na jiƙa dawa, na nemo daddawa, na aika wa Sarkin Noma Ɗanjuma da goro. Saura makaɗi.

Gayya ba ganga zaman gulma ce. Makaɗi ne ke tafiya gaban manoma da baya da baya, yana duban wanda ya fara sanyi ya buga masa takensa. Namiji kuwa in ya ji takensa ba ya zama, kuma ba ya ɗaga kai. Inda ganga ta karkata, nan kalme, wato fartanya, ke karkata.

Na je wurin Maikuɗi makaɗi. Ya ce bunsuruna yake so.

Na ce, "Maikuɗi, bunsuru sukutum don ka bugi hwatar akuya? Ai kai ya kamata ka biya awaki diyya."

Ya ce to tunkiya. Na ce kaza. Ya ce kaza da zakara. Na ce kaza, kuma ƙwan da ke cikinta nawa ne. Ya ce in je in buga wa gayyata ƙwarya. Na gyara ɗaurin kallabina na fito.

A ƙofar gida na tarar da Ɗahiru ya riga ya ji.

"Mi za ki yi da Maikuɗi? Takena na kowa yana rumbun noma, tun daga na Sarkin Noma har na mai tsintar kara. Maikuɗi shina gajiya, shina tari, shina zuwa bayan dawa. Wagga ko ruwa ba ta sha. Ki ba ni tuwo da man shanu, kahin azahar gonarki ta koma awa kan jariri."

Na ce tuwo ba mai. Ya ce da ɗan mai a gefe. Na ce tuwo ba mai, kuma shi zai ɗauko ruwan manoma. Muka shirya.

Ranar gayya maza suka taru a bakin gona, kowa da kalmensa a kafaɗa. Mata muka kafa tukwane ƙarƙashin kanya. Ga Ɗahiru ya ɓullo da baƙin tabarau da babbar riga, lasifika a ka, waya a hannu.

Sarkin Noma ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Habsu, ina makaɗi?"

"Ga shi nan, Sarki."

"Ina gangar?"

Ɗahiru ya ce, "Ranka shi daɗe, ganga ta tsuhwa. Ka dai tsaya ka ji."

Ya danna. Sai ga taken Sarkin Noma ya fito tas, har ƙasa tana amsawa. Dattijon ya yi zumbur, ya cira kalme sama ya yi kirari, ya duƙa. Maza suka bi shi. Ɗahiru yana gaba yana ja da baya, ciyawa tana kwanciya. Na dubi Naja'atu maƙwabciyata na ce ta kai wa Maikuɗi labari in ta samu sarari.

Ba su kai ƙarshen kunyar farko ba rana ta ɗaga. Ashe wayar nan ba ta jituwa da rana, fuskarta sai ta yi baƙi ƙirin. Ɗahiru ya karkata ta dama, ya karkata ta hagu, ya tofa mata yawu ya goge. Take ya ƙare, maza suna duƙe suna jiran na gaba. Sai ya tura kansa cikin riga don ya samu duhu. Ya manta da abin da ke bisa kansa. Lasifika ta sulluɓo ta faɗa kan gerona.

"Ba komi," in ji shi daga cikin riga. "Makaɗi babba ba shi ɗaukar kaya. A kawo jaki."

Aka kwanto jakina, aka ɗaure masa lasifika a gadon baya da igiyar guga. Na dai ga yadda jakin ya kwantar da kunne.

Ɗahiru ya sake shigewa cikin riga. Muna jin muryarsa. "Yanzu za ku ga aiki. Na buɗe rumbunan dut baki ɗaya, kuma akwai wani wuri mai kibau biyu sun gitta juna. In kad danna shi, manhaja ita ka zaɓe da kanta. Ta hi kowane makaɗi basira."

Sarkin Noma ya ce, "Ta san wa ag gajiye?"

"Ta san komi, ranka shi daɗe."

Abin da ta zaɓa shi ne kiɗan 'yan tauri.

Baba Hudu yana cikin manoman, tsoho ne da haƙoransa suka gama sallama, amma a zamaninsa ƙarfe ba ya cinsa. Ya yar da kalme. Jikinsa ya ɗauki tsuma, ya fizge taguwa, ya zaro wata wuƙa da ba wanda ya san yana tafe da ita, ya shiga goga ta a ciki yana tsalle. Maza suka watse, kowa ya taka inda ya samu, inda suka samu kuwa gerona ne.

Na ce, "Baba Hudu, noma anka kira ka."

"Ɗiyata, ba ni na ba. Takena na. A kawo wata wuƙar, wagga ta lanƙwashe."

"Ɗahiru, canza."

Riga ta yi motsi. Kiɗan tauri ya yanke, kalangun dambe ya shigo. Bala da Mas'ud suna kunya ɗaya kusa da juna, tsofaffin 'yan dambe ne, kuma akwai wani kisa da suke gardamarsa tun suna samari. Suka dubi juna. Bala ya kwance rawaninsa ya naɗe hannu, Mas'ud ya cire hula ya sa nasa hannun a ciki. Maza suka yi musu da'ira a tsakiyar gonata. Har da masu raba gefe.

Na kutsa da muciya a hannu. "Wanda duk yak kai wani ƙasa a kan gerona, ni za ni kai shi ƙasa."

Mas'ud ya ce, "Inna Habsu, ki matsa, turmi guda na kawai."

Allah ya taimake ni waƙar gajera ce. Da ta ƙare sai ga waƙar kai amarya. Na waiwaya, mata sun bar tukwane. Naja'atu ta rangaɗa guɗa, sauran sun yi layi suna rausaya suna nufo jaki, wata har ta lulluɓa masa mayafi. Ƙaurin tuwo ya tashi daga ƙarƙashin kanya.

Na je na finciko kan Ɗahiru daga cikin riga. Ya jiƙe sharkaf, tabarau ya koma kan haɓa.

"Ƙanen miji, gayya nik kira ko bukin sallah?"

"Matar yaya, kwantar da hankalinki. Tana ɗumama jiki na. Ai ko mota sai an bari ta yi zahi."

"Maida ta rumbun noma."

"Shi nika nema. Yatsana ya jiƙe, in nit taɓa nan sai ta buɗe can."

Ya taɓa, ta buɗe na mahauta. Surajo mahauci ya miƙe daga cikin kunya a hankali. Ya tsinci dutse ya fara wasa bakin kalmensa. Ya duba gabas ba sa, ya duba yamma ba rago. Idonsa ya tsaya kan jakina. Ya matso yana taɓa masa wuya yana ƙiyasta kitse.

Sarkin Noma ya ce, "Surajo, jaki na."

"Na gani, Sarki. Hannuna na bai gani ba."

Jakin nan ya jure igiya, ya jure mayafi, amma wannan ya gane shi. Yana neman hanyar gudu sai Ɗahiru ya yi tsalle. "Na same shi. Rumbun noma." Ya danna, ya ƙure murya har ƙarshe. Gangar noma ta fashe a tsakanin kunnuwan jaki, jaki ya cilla.

Taken Sarkin Noma ne kuma. Dattijon ya duƙa, maza suka duƙa, kalmuna suka bi ganga.

To ga inda abin yake. Wayar da lasifikar ba igiya tsakaninsu, amma ba sa son nisa da juna. In jaki ya yi gaba sai kiɗan ya fara sarƙewa yana yankewa. Da Ɗahiru ya tsaya wuri ɗaya, da ganga ta mutu, maza sun ɗaga kai, an kamo jaki. Sai ya tattare riga ya bi shi da gudu, waya a sama kamar mai kai wuta maƙwabta. Jaki ya ga ana binsa ya ƙara mai. Ya tsallake gambar da ke iyakata ya faɗa gonar da ke gefe.

Na bi su ina kira. "Ɗahiru, tsaya."

"Ba ni tsayawa, matar yaya. In nit tsaya ta yanke, sunana ya ɓaci. Yanzu na tad daidaita."

Ta daidaita kuwa. Take yana ƙarewa wani yana shiga, na Bala, na Mas'ud, na Surajo, kowa yana ji yana kirari yana ƙara wuta. Ban taɓa ganin noma irin na ranar ba. Suka tsallake gamba ba wanda ya lura. Jaki ya kai ƙarshen gona, Ɗahiru ya tare shi, ya juyo ta wata kunyar. Ya kai wancan ƙarshen, ya sake tare shi. Haka suka yi ta saƙa kamar masaƙa. Na kama rigar Sarkin Noma ina gaya masa ba gonata ba ce, ya ce, "Habsu, sake ni, ba a magana da namiji cikin takenai."

Gonar ta Malam Zayyanu ce, mutumin da ciyawar gonarsa ta isa a ɓoye raƙumi, don tun da aka yi shuka bai taɓa duƙawa ba sai in zai ɗauki takalmi. Yana kwance ƙarƙashin kalgo a gefe, ya tokare kai da hannu yana kallo. Da suka rage wani ɗan lungu sai ya ɗaga yatsa ya nuna wa jaki.

Suna kai kunyar ƙarshe cajin waya ya ƙare. Wurin ya yi tsit. Jaki ya tsaya, ya buɗe ƙafafu, ya ɗaga kai ya yi wani dogon kuka da aka ji har cikin gari. Maza suka miƙe suna share gumi.

Bala ya duba ya ce, "Inna Habsu, yaushe kinka dasa kalgo?"

Kowa ya waiwaya. Gonar Malam Zayyanu tana sheƙi. Tawa tana can, kunya ɗaya a nome, tsakiyarta filin dambe.

Tuwon kuwa sai da suka ci, da ƙaurinsa da komai. Suka ce sun yi aiki. Bayan an sha ruwa Sarkin Noma ya zauna gindin kanya, aka yi zobe.

Na ce, "Sarki, dawata anka ci, gonar wani anka nome. Malam Zayyanu shi ba ni rabin abin da za shi girbe."

Malam Zayyanu ya gyara zama. "Ni ban kira kowa ba, Habsu. Ina kwance ina tasbihi, Allah ya aiko. In an ce in biya, ai na yi wa kyautar Allah ciniki."

"To a sake min gayya gobe."

Sarkin Noma ya girgiza kai. "Gida guda gayya guda, damina guda. Ba ni nis sa ba, haka munka taras."

Na juya kan Ɗahiru. Ya riga ya maida tabarau, yana zaune yana suɗe hannu.

"Ni ban ga abin hwaɗa ba," in ji shi. "Wa yat taɓa ganin gayya ta gama gona kahin azahar? Maikuɗi ya taɓa yi? Jaki na yak kauce, manhaja ba ta yi kuskure ba. Ni dai a ganina, ranka shi daɗe, wanda yaj ja aiki irin wanga ya isa a yanka mai take nashi na kainai. Kowa nan yana da take, ni ba ni da."

Sarkin Noma ya tauna goro ya daɗe yana dubansa. "Gaskiyarka. Kuma al'ada ta, taken mutum shi na abin da anka ji ranar babban aikinai, lokacin da anka aje kalme. Jama'a, mi kunka ji?"

Baba Hudu ya ce, "Kukan jaki, Sarki."

"Kowa ya ji?"

Kowa ya ji.

"To Ɗahiru, ka samu. Ka kuma san namiji ba shi jin takenai shi zauna. Gonar da za ka amsa shi ciki ita ta ta matar yayanka, har ranar da za a ce ta nomu."

Aka kwashe da dariya, Surajo har da faɗuwa. Na ga Ɗahiru yana lissafi a ransa. Ya san jakina, ba mai yawan magana ba ne, kuka ɗaya da safe ɗaya da yamma. Ya miƙe ya baza riga.

"Na karɓa. Manyan mutane dama takensu ba shi kama da na kowa."

Sarkin Noma ya ce, "Habsu, saura ke da Malam. Rabi dai ba ki samu. Ki hwaɗi wani abu."

Na ce dami goma. Malam Zayyanu ya ce ko zangarniya. Na ce to kara da harawa. Ya ce dabbobinsa za su ci. Na yi kamar zan tashi, na dawo, na ce to ya ara mini jakarsa, macen jakin nan mai farin baki, har kaka.

Ya yi saurin miƙa wa Sarkin Noma hannu kafin in canza. "Na ba ta. Ciyar da ita ma ya koma kan Habsu."

Naja'atu ta ja ni gefe. "Habsu, yau an ci ki ciniki. Mi za ki yi da jaka?"

Na ce ta taya ni kwashe tukwane.

Washegari da sassafe na kafa turke a gabashin gona na ɗaure jakina. Na kafa wani a yamma na ɗaure jakar Malam Zayyanu, daidai inda zai gan ta, iska kuma tana kawo masa labarinta, amma igiya ba ta kai ba. Na shimfiɗa tabarma gindin kanya na zauna da kaɗin audugata.

Ɗahiru ya iso yana tafiyar ƙasaita, kalme a kafaɗa. Bai kai ga gaishe ni ba jaki ya fara. Ya duƙa ya yi 'yan sara, jaki ya tsaya, ya miƙe zai nufo inuwa. Jaka ta kaɗa wutsiya. Jaki ya sake ɗauka. Masu wucewa kasuwa suka tsaya a bakin gamba suna tayawa. "Ɗahiru, ana kiranka."

Wajen hantsi ya ɗago, gumi har cikin ido. "Matar yaya, a matsar da jakar nan mana."

"Aro ta, ƙanen miji. Inda nid ɗaure ta nan ciyawa ta hi kyau."

"To a ɗan rage mai murya."

"Kai ka san injin, zo ka nemi wurin dannawa."

Ya buɗe baki zai amsa, jaki ya riga shi.

Gonar ta nomu kafin ruwa ya kankama, har filin damben ya tashi. Da maimai, noma na biyu, ya zo ban kwance turke ba. Gerona ya wuce kan mai tsawo, na cika rumbuna na daka, ƙwaryata ba ta leƙa gidan kowa ba.

Ɗahiru yana nan, ya ce noma ma ilimi ne in ka san kansa, kuma shi ya ƙirƙiro sabon salo. Ranar kasuwar Bukkuyum da ta wuce na hange shi a rumfar masu caji, ya tara mutane yana ba su labarin yadda ya gama gona kafin azahar. Yana tsakiyar magana wani jakin masu itace ya yi kuka daga bayan rumfa. Ɗahiru ya duƙe nan take yana laluben ƙasa, sai da mai rumfar ya ce masa, "Tashi, Malam, ba naka na ba."